Jirgin ɗan yayata ya faɗi cikin sakan 8, ya ce rimot ne jabu

A cikin buhun bakko ya kawo min ɗan jirginsa na rimot shago, fiffike daban, gangar jiki daban, hancin ya lotse ya cika da jar ƙasa. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba ya ce Kawu an cuce ni, rimot ɗin nan jabu ne, ina cewa dama yana yin hagu, har kashe shi nai moton bai tsaya ba. Ɗan yayata ne, bana ya gama sakandare, tun yana ƙarami ba shi da zance sai na makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Ni kuma sana'ata gyaran rediyo da talabijin da su amfilifaya, na ɗan taɓa harkar jirgin rimot shekarun baya kafin cefane ya cinye kuɗin wasa, shi yasa duk abin da ya shafi waya da batir a dangi ni ake jibgo wa.

Jirgin da hannunsa ya haɗa shi kuma gaskiya yai ƙoƙari. Farin fom ne irin na silin, ya yanka da reza ya manne da gam ɗin kyandir, fukafukan daga ƙarshe zuwa ƙarshe wajen mita 1 da santi 20, sipok ɗin keke yai sandunan turi da shi, 'yan ƙahonnin da sandunan ke kamawa kuma tsohon katin ATM ya yayyanka. Kayan wutar ne yai oda: rimot FlySky FS-i6 mai canel 6, wato hanyoyin aika umarni shida, da risibarsa FS-iA6B, wato na'urar da ke cikin jirgi tana karɓar umarnin rimot, moto 2212 mai KV 1000 da farfela inci 10, sarbo ƙanana masu giram 9 guda huɗu, wato 'yan injinan da ke tura sandunan su motsa leɓen fiffike da na jela, batir LiPo mai sel 3 na 2200, sai ESC mai am 30, wato ɗan akwatin da ke karɓar wuta daga batir yana ba moto daidai yadda ka taka totur. Kusan duk wanda ya fara harkar nan da kuɗin aljihunsa irin haɗin da yake saya kenan, ba abin kunya a ciki, yana tashi lafiya lau in an saita.

Allah ya taimaka wani abokinsa ya ɗauki bidiyo a waya, sai na ce a ajiye surutu a ba ni in kalla. Na maimaita shi ya fi sau goma. Wani abokin nasa daban ya cilla jirgin da kyau, ya miƙe yana hawa, iska ta ɗan kwantar da shi hagu, to daga nan ne sai kwanciyar ta ƙaru farat ɗaya, ta sake ƙaruwa, ya kife ciki sama, ya soke hanci a ƙasa. Sakan 8 daga hannu zuwa ƙasa. Suka ruga a guje, shi kuma da ruɗewa maimakon ya sauke totur sai ya kashe rimot ɗin gaba ɗaya, moton ya ci gaba da ihu da guntun farfelar da ya rage, abokin ya kai hannu zai ɗaga jirgin ta yanke shi a babban yatsa, sai da wani ya fizge wayar batir sannan akai shiru.

Abokansa har sun yanke hukunci tun a filin, wai akwai eriyar kamfanin waya a kusa ita ta ja jirgin. Ni kuma abin da na gani a bidiyon akasin haka ne, duk lokacin da yatsan yaron ya motsa jirgin na amsawa nan take. Jirgin da ya rasa sigina ba ya amsawa. Wannan yana ji sarai, abin da aka gaya masa ne ba daidai ba.

Abu na farko da nai a kan tebur, na kwance guntun farfelar na sa a aljihu. Ya ce Kawu ai ta karye ba abin da za tai, na ce je ka tambayi yatsan abokinka. Ba a saita rimot da farfela a jikin moto, ko da kuwa sau ɗari ka taɓa yi.

Daga nan na goge duk saitin da yai na dawo da rimot ɗin kamar yadda ya fito daga kwali, amma kafin in goge sai da na shiga shafi shafi na rubuta abin da na tarar a takarda, don in ka goge ba ka duba ba ka binne shaidarka da hannunka. Muka sake ɗaura wa rimot da risiba aure daga farko don ya gani da idonsa: ka soka ɗan fulogin nan mai zoben waya a ramin da aka rubuta B/VCC, ka ba risiba wuta, fitilarta ta kama ƙyaftawa da sauri, ka danne maɓallin haɗawa na jikin rimot ka kunna shi kana danne, in sun ga juna ƙyaftawar za ta canza, sai ka cire wuta ka zare fulogin ka sake kunna komai. Daga ranar risibar ba ta sauraron kowa sai wannan rimot ɗin, don kowane yana da lambarsa, kuma suna ta tsalle ne daga zango zuwa zango a cikin 2.4 GHz ba sa zama wuri ɗaya. Zamanin da ake amfani da kiristal, irin su 27 da 35 da 72 MHz, in mutum biyu suka kunna a lamba ɗaya lallai ɗaya zai kayar da jirgin ɗaya, amma yanzu da wuya ka ga haka. Sun haɗu karon farko ba gardama. Jabun kenan.

Jerin wayoyin ma daidai ya yi shi, canel 1 elaron, wato leɓen bayan fiffike mai kwantar da jirgi dama ko hagu, 2 elibeta, leɓen jela mai ɗaga hanci ko sauke shi, 3 totur, 4 rada, leɓen jela na tsaye mai karkata hanci dama ko hagu. Ya ce da farko ya soka ESC a canel 1 don wani bature da ya kalla a YouTube haka yai, sai da ya kwana biyu yana fama kafin ya gane rimot ɗin baturen na wani kamfani ne, Spektrum, su totur ne a farko. Wannan da kansa ya warware, na yaba masa.

To ga inda gizo ke saƙar. Na manna fiffiken da salatif na ɗora shi a mazauninsa, na mayar da saitinsa na da daga takardata, na ce zo ka tsaya a bayan jirgi, ta wajen jela, kamar kai ne a ciki kana kallon gaba. Tura sandar dama zuwa dama. Ya tura. Leɓen da ke bayan fiffiken dama ya yi ƙasa, na hagu ya yi sama. Na ce me ka gani, ya ce suna motsi. Na ce na san suna motsi, ina suka nufa?

Abin da ya kamata shi ne in ka tura dama, elaron na dama ya ɗaga sama na hagu ya sauka. Wanda ya ɗaga yana rage wa fiffikensa ƙarfin ɗagawa, wanda ya sauka yana ƙara wa nasa, sai fiffiken dama ya faɗa jirgi ya kwanta dama. Nasa a juye yake. Kenan da iska ta kwantar da shi hagu ya ba shi dama don ya miƙe, jirgin ya ƙara hagu, ya tsorata ya tura sandar har ƙarshe, jirgin ya bi umarni ya kife. Ko wanda ya shekara ashirin yana tuƙi da wuya ya ceci jirgi mai juyayyen elaron a wannan tsayin, don kafin kwanya ta gane abin da ke faruwa hannu ya riga ya gama ɓarnar.

Nan fa ya rantse min da Allah cewa ya lura da wannan tun a gida kuma ya gyara, ya shiga inda ake juya canel ya mayar da na 1 ya ga ya canza a allo. Ban ƙaryata shi ba, na ce yi a gabana. Ya shiga, ya juya, ya taɓa maɓallin Cancel ya fito. Na ce koma ka duba. Ya koma ya tarar da shi yadda yake da. A wannan rimot ɗin in kana so abin da ka canza ya zauna sai ka danne Cancel ɗin ka riƙe shi har ya yi ƙara ya fitar da kai, in ka taɓa shi kawai ka saki to ka fita ne ba ka ajiye komai ba. Yana nan a rubuce cikin littafin rimot ɗin, da na tambaye shi ko ya karanta sai ya kama sosa ƙeya. Ni ma dai ba zan cika baki ba, farkon riƙona da irinsa sai da ya yi min haka.

Amma na gaya masa maɓallin ba shi ya kayar da jirgin ba. A filin, kafin a cilla, ya jujjuya sanduna ya ga komai na motsi ya ce bismillah a sake shi. Da ya tsaya a bayan jirgin na rabin minti ya bi su ɗaya bayan ɗaya, dama ta ɗaga na dama, jan sanda baya ya ɗaga elibeta sama, rada ta bi inda aka tura ta, da a nan zai kama shi. Ni har yau haka nake yi kafin kowane tashi kuma da baki nake faɗa a fili, mutane na dariya, su yi ta yi.

Sarbo biyun na fiffike da waya mai reshe biyu ya haɗa su a canel ɗaya, to juyawa ɗaya ta gyara duka biyun. Da a ce tare suke hawa tare suke sauka to wannan ba aikin rimot ba ne, sai an cire ɗaya an juya masa zama.

Sai batun moton da ya ƙi tsayawa. Akwai shafin da ake kira felsef, inda kake gaya wa risiba abin da za tai in ta daina jin rimot. Yadda yake zuwa, duk canel ɗin a kashe suke, ma'anar kashewar kuma ita ce kowa ya tsaya a inda aka bar shi na ƙarshe. Yaron ya kashe rimot totur na wajen kashi uku cikin huɗu, risiba ta riƙe wannan ta ci gaba da ba ESC, ba laifinta. Ka ɗauka a sama hakan ta faru, batirin rimot ya mutu ko jirgi ya wuce inda sigina ke kaiwa, haka zai miƙe da wuta har sai batirinsa ya ƙare, a kan rufin wa ko kan ɗan wa zai sauka Allah kaɗai ya sani. Wannan ya fi juyayyen elaron tayar min da hankali wallahi, don shi elaron jirginka kawai zai ci.

Muka kunna felsef a canel 3, sandar totur tana can ƙasa, ya nuna -100, sauran ukun muka bar su a tsakiya, aka danne Cancel aka riƙe. Sannan muka gwada, don saitin da ba a gwada ba zance ne kawai: ba farfela, na ba moto wuta rabi, na kashe rimot. Ɗan jim kaɗan ya tsaya cak. Na sa shi ya maimaita sau uku da hannunsa. Na kuma ɗora masa makullin totur a ɗaya daga cikin makunnan sama, in ya ja shi ko an bangaji sanda moto ba zai tashi ba, da shi zai riƙa ɗaukar jirgi. Da ƙa'idar da kowa ya sani amma ake mantawa, rimot ake fara kunnawa kafin a sa wa jirgi batir, shi ake kashewa a ƙarshe bayan an cire.

A nan shi a ganinsa an gama, har ya fara tattara kaya. Ni kuma tun ɗazu kunnena na kan wani ɗan zzzz da ke fitowa daga ciki duk lokacin da aka ja elibeta har ƙarshe. Mai gyaran rediyo ba ya wuce irin wannan ƙarar. Sarbon elibeta ne yake son ya ƙarasa tafiyarsa amma leɓen ya riga ya kai iyakarsa, sipok ɗin har lanƙwasa yake, sarbon na ta turi a banza. Ƙaramin sarbo irin wannan in yana aikinsa ba tare da cikas ba wutar da yake sha kaɗan ce, amma in ya cije zai iya jan sama da rabin am shi kaɗai. Duka huɗun kuma da risibar daga wuri ɗaya suke sha, wani ɗan sashe a cikin ESC da ake ce wa BEC, nasa an rubuta bolt 5 am 2. Kuma irin mai ƙona rarar wuta ne ya mai da ita zafi. Batir mai sel 3 in ya cika bolt 12.6 ne, a sauke shi zuwa 5 saura 7.6, in am ɗaya kacal ake ja to wat 7.6 kenan na zafi a cikin abin da bai kai akwatin ashana ba, an kuma cusa shi cikin fom ba iska, a ranar Kano.

Daɗin wannan risibar tana aiko da ƙarfin wutarta ya fito a allon rimot. Na ce zuba ido a nan, na kama sanduna biyu ina juya su kamar mai tuƙa tuwo. Daga 5 ya riƙa faɗowa yana taɓa 4.3, da ESC ɗin ya ɗau zafi har ƙasa da haka, ita kuma risibar ƙasa da bolt 4 ba a ba ta tabbas ba, tana iya ɗaukewa ta sake kunnuwa, a sama kuwa wannan ɗan lokacin ya isa. Ba wannan ya kayar da shi ranar ba, sakan 8 bai isa komai ya yi zafi ba. Amma da mun gyara elaron kawai ya koma fili, a minti na uku ko na huɗu zai same shi, kuma da ba mai raba shi da cewa rimot jabu ne.

Gyaran nan ya fi cin lokaci, kusan yini guda. Na zare hannun kowane sarbo, na mai da duk tirim sifili, wato 'yan maɓallan gefen sanduna da ake ɗan gyara zaman leɓe da su, na kunna don kowane ya zauna a tsakiyarsa, wato inda sigina ke kan 1500, tunda tafiyar daga 1000 zuwa 2000 ce, sannan na mai da hannun ya tsaya a miƙe sosai da sandar turi. Shi da ya ɗaura su ne a kashe yadda suka zo, ya biyo da tirim yana cike giɓin, shi yasa elibetar ke tafiya da yawa gefe ɗaya kaɗan a ɗayan. Muka sake lanƙwasa sipok ɗin daidai tsayi, na matso da shi ramin ciki a hannun sarbo na kai shi ramin waje a ƙahon, wannan na rage tafiya ya ƙara ƙarfi. Sai a ƙarshe na taɓa iyakar tafiya a rimot na rage har ƙarar ta ɗauke. Ra'ayina dai a fara gyara ƙarfe da hannu, rimot ya zo ya share ɗan abin da ya rage, masu yin akasin haka su ne kullum sarbonsu ke cin haƙori. Na kuma ciro wani BEC daban mai am 3 a tarkacena irin wanda ba ya zafi sosai, na sa masa, na zare jar wayar tsakiya daga fulogin ESC na naɗe ta da salatif don kar wuta biyu su haɗu a risiba. Muka sake tuƙa tuwo, allon bai sauka daga 4.9 ba.

Eriyoyin risiba biyu kuma ya nannaɗe su tare ya tura ƙarƙashin batir wai don ciki yai kyau. Batir kuwa toshe sigina yake. Ƙarshen wayar ne ke ji, kuma an yi su biyu ne don in jirgi ya juya ɗaya ta ɓuya ɗayar ta kama, to sai a raba su, ɗaya ta kalli jela ɗaya ta kalli gefe kamar kusurwar ɗaki, nesa da batir da moto da manyan wayoyi. Na huda fom na zura su ta cikin tsinken shan lemo na manne. ESC ma muka koya masa iyakar totur, sanda a sama a sa batir, in yai ƙara a sauke ta ƙasa, minti ɗaya an gama.

Na ƙarshe na rage masa kaifin sanduna. Na sa masa mataki biyu a makunni ɗaya, na koyo wajen kashi 60 na tafiya da kuma cikakke, na ƙara ɗan laushi a tsakiya don rawar hannu kar ta riƙa kaiwa ga jirgi. Shi laushin nan wasu rimot da lambar ragi ake sa shi wasu da ta ƙari, kar ka haddace na wani, kalli zanen da ke allo ka tabbata tsakiyar layin ce ta kwanta. Ya so ya yi gardama wai an mai da shi yaro, na ce jirgi nawa ka taɓa saukarwa da ƙafarsa?

Sati uku ya ɗauka yana sake hanci da fiffike. Muka fita bayan gari sosai, nesa da filin jirgi, don NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ba ta wasa da abin da ke tashi kusa da hanyar manyan jirage, ga shi yanzu mutane na tsarguwa da duk abin da suka gani a sama, sai da muka fara zuwa muka gaida mai unguwa muka nuna masa fom ne da batir, muka nemi izinin mai gonar. An girbe dawa, fili fetal. Na riƙe jirgin moto na juyawa a hankali, shi ya tafi da rimot yana ƙirga taku muna magana ta waya, ina juya jirgin gaba, baya, gefe, har ya wuce taku ɗari biyu ba inda leɓe ya yi gargada. Na ɗora shi a yatsu biyu wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaban fiffike, jela ta rinjaya, muka matsar da batir gaba kamar faɗin yatsa biyu, don jirgi mai nauyin jela shi ma sai ka rantse rimot ne ya haukace.

Ya tsaya a baya ya faɗa da bakinsa, dama na dama sama, hagu na hagu sama, ja elibeta sama, rada dama, rada hagu. Abokin mai yatsa ya ce shi dai ba zai sake cillawa ba, ni na cilla.

Ya tashi yana ɗan jan hagu da son hawa, na ce kar ka yi kokawa da shi, hau sama tukunna, sannan na miƙa hannu na danna masa tirim, uku dama, biyu ƙasa, ya saki sanda jirgin ya tafi a miƙe shi kaɗai. Ya zaga filin ya fi sau shida, duk juyawar da jirgin ya fuskanto shi sai na ji numfashinsa ya tsaya, don a nan hagu da dama ke rikita sabon hannu. A minti na biyar na ce sauko tun batir bai gaji ba. Saukar ba kyau, ya zo da gudu, kututturen dawa ya huda fiffiken hagu ya tsaya a ciki, amma ya sauke totur ya ja makullin kafin ya ruga, na gani ban ce komai ba. Na taɓa ESC da BEC, ɗumi kawai.

Ya ce Kawu a sake ɗaya mana. Batir ɗaya gare mu, cajar tana gida, cajin kansa wajen awa guda ne, in an kawo wuta.